Kayan Aro da Ya Rufe Katara: Rubutun Borno da Zanen Tawada na Japan

Duk wanda ya bi ta wajen masu sayar da littattafai a kewayen Masallacin Sarki Faisal da ke nan N'Djamena zai tarar da Alƙur'ani iri biyu a kan tabarma ɗaya. Akwai bugun Madina mai bango kore ko shuɗi da ruwan zinare, rubutunsa siriri, an ɗinke shi tsaf. Akwai kuma wanda tsofaffi ke kira rubutun hannu ko da kuwa inji ne ya buga shi, mai baƙaƙe masu kauri da wasulla ja, takardunsa warwara babu ɗinki, a ɗaure tsakanin kwali biyu. Yaran da suka yi Islamiyya sun fi miƙa hannu ga na farko, alarammomi da gardawa kuwa ga na biyu. Maganar Allah ɗaya ce a cikinsu, kuma ba ita nake nufin taɓawa ba. Zancena a kan hannun da ya rubuta na biyun ne, wato salon rubutun da ya tashi a Kanem da Borno ya bazu har Kano da Katsina da Damagaram, da irin hukuncin da muke yanke masa a yau.

Hukuncin iri biyu ne, kuma na sha jin kowanne daga bakin masu bugo waya a rediyo. Wasu suna cewa wannan rubutu Larabci ne da ya lalace a hanya, hannun ƙauye ne, tunda ga na asali ya iso sai a ajiye shi. Wasu kuma, don kishi, sai su ce namu ne tun fil azal, babu wanda ke bin mu bashinsa. Idan ka duba da kyau za ka ga ɓangarorin nan biyu sun yarda da abu ɗaya, shi ne cewa aro abin kunya ne, kayan aro ba ya rufe katara. Na farko ya yarda an ara sai ya raina, na biyu yana gudun raini sai ya musanta aron. A ganina an ara, kuma abin da aka ara ya zama namu tun ƙarnoni da suka wuce. Don in nuna yadda hakan ke yiwuwa, bari in kai mai karatu wata ƙasa mai nisa wadda ita ma ta ari tawada daga maƙwabciyarta, wato Japan.

Zanen tsaunuka da ruwaye da baƙar tawada zalla, wanda duniya take kallo a matsayin tambarin Japan, daga ƙasar Sin ya zo. Tawadar kanta dabarar Sinawa ce: ana tara baƙin hayaƙin itace, a kwaɓa shi da danƙon da aka dafa daga fatar dabba, a busar da shi ya zama sanda, in za a yi aiki a goga a kan dutse da ɗan ruwa. Salon ya kai ƙololuwa a zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279, a hannun masu zane irin su Ma Yuan da Xia Gui. Malaman addinin Buda na ɗariƙar Zen, masu kai da komowa tsakanin ƙasashen biyu, su suka shigo da shi Japan tare da littattafansu da shayinsu. Shugabannin soja na gidan Ashikaga a birnin Kyoto suka riƙa tara zanen Sin kamar yadda attajiri ke tara dawaki. An ɗauki lokaci mai tsawo masu zanen Japan suna zana tsaunukan da ba su taɓa gani ba da koguna masu sunan Sinanci, suna kwafa daga abin da jirgin ruwa ya kawo.

Abubuwa biyu a cikin wannan tarihi sun shafe mu. Na farko shi ne labarin Muqi, wani malamin Zen mai zane da ya rayu a Sin a ƙarni na 13. Masu sharhi na ƙasarsa sun ɗauki aikinsa a matsayin mai kaushi, wanda bai bi tsarin magabata ba, don haka ba su damu da adana shi ba. Mutanen Japan ne suka riƙe shi da daraja, shi ya sa a yau mai son ganin fitattun ayyukansa sai ya je wurin ibada na Daitokuji a Kyoto. Mai aro ne ya adana abin da mai kaya ya yar.

Na biyu shi ne Sesshu, wanda aka haifa a 1420. Ya bi tawagar da aka aika Sin tsakanin 1467 da 1469, ya ga tsaunukan da idonsa, ya ga masu zanen daular Ming. A 1495, yana tsoho, ya yi wa wani almajirinsa zane na sallama, wanda yanzu yake gidan tarihi na ƙasa a Tokyo. In ka tsaya kusa da shi ba ka ganin komai sai tawada da aka watsa, wani wuri baƙi ƙirin, wani wuri kamar ruwan wanke allo. In ka ja da baya sai tsauni ya fito daga hazo, ga bishiyoyi, ga rufin wani ɗan gida, ga kwalekwale da mutum biyu a ciki. Salon watsa tawadar na wani Basine ne mai suna Yujian, kuma Sesshu bai ɓoye hakan ba. Amma a rubutun da ya yi a saman takardar ya bayyana cewa ƙwararrun malaman da ya samu a Sin kaɗan ne, kuma tafiyar ta ƙara masa ganin girman malamansa na gida, Josetsu da Shubun. Bayan ya haura shekara 80 sai ya zana Amanohashidate, wani siririn tudun yashi mai itatuwa da ya ratsa bakin teku a ƙasarsa, wurin da kowa zai iya zuwa ya gani, har da gidajen ibada da ƙauyukan da ke kewaye. Goga da tawada na Sin ne, ƙasar da ke kan takardar kuwa tasa ce. Bayansa Hasegawa Tohaku, wanda ya rasu a 1610, ya yi nazarin zanen Muqi a Daitokuji, sannan ya zana itatuwa cikin hazo a kan wasu shamakai biyu na takarda masu naɗewa, inda farar takarda ta fi tawada yawa. Babu mai kallon wannan aiki ya ce kwafi ne. Haka nan wani dangi na masu zane da ake kira Kano, wanda sunansa kawai ya yi kama da na birnin Dabo, ya haɗa tawadar Sin da launukan gida, ya riƙe sana'ar kusan shekara 400.

Abin da na ɗauko daga nan ma'auni ne guda: aro yana zama naka ranar da ka fara amfani da shi don biyan buƙatar gidanka, har siffarsa ta canza saboda wannan buƙata. To, mu ɗora rubutunmu a kan wannan sikeli.

Hanyar da ya biyo sananniya ce. Sarakunan Kanem, waɗanda babban birninsu Njimi yake gabas da Tafkin Chadi a cikin ƙasar nan, sun karɓi Musulunci wajen ƙarshen ƙarni na 11. Hanyar fatake ta Kawar da Fazzan ta haɗa su da Tarabulus da Tunis. A ƙarni na 13 an gina wa ɗaliban Kanem makaranta a Alƙahira, wadda ake kira Madarasar Ibn Rashiƙ, kuma a 1257 Sarkin Kanem ya aika wa Sarkin Tunis kyautar raƙumin dawa. Bayan an koma yammacin tafki, Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu wajen 1470, wato daidai lokacin da Sesshu yake dawowa daga Sin. Ta wannan hanya ta arewa ruwayar Warshu ta zo, da mazhabar Malikiyya, da ƙa'idar rubutu ta Magariba: fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, nun ta ƙarshen kalma sau da yawa babu ɗigo. Raba launuka ma daga can ne, baƙi ga baƙaƙe, ja ga wasulla, rawaya ga hamza, kore ga alifin sadarwa. Ita kanta takardar da aka rubuta yawancin Alƙur'anan kakanninmu na ƙarni na 19 daga Italiya take, in ka ɗaga ta a rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Wanda ya ce ba mu ari komai ba, takardar da ke cikin gafakar gidansu za ta ƙaryata shi.

Ga kuma inda labarinmu ya haɗu da na Muqi. Ibn Khaldun ya ba da labari a Muƙaddima cewa tsohon rubutun Ƙairawan ya gushe a garuruwansa bayan da mutanen Andalus suka kwararo da nasu salon. Wani masani Bature, A. D. H. Bivar, ya ɗauki hotunan wasu tsofaffin Alƙur'anai a Borno, ya buga bayani a 1960 a kan ɗaya daga cikinsu mai ɗauke da tarihin 1669, ya kuma yi hasashen cewa wannan tsohon rubutu da ya ɓace a arewa shi ne ya rayu a gefen Tafkin Chadi. Masu bincike na baya sun yi masa gyara game da ainihin tushen, amma ba su yi jayayya da tsufan salon ba, ko kusancinsa da rubutun Kufi mai kusurwa na ƙarnonin farko. Saboda haka mai cewa a bar rubutun Borno a koma na asali ya juya tarihi. Siririn rubutun da ke bugun Madina, na hannun Usman Ɗaha mutumin Siriya, shi ma jikan wani gyara ne da aka fara a Bagadaza a ƙarni na 10, Turkawan Usmaniyya suka goge shi ya yi sheƙi. Kyakkyawa ne ƙwarai, amma reshe ne kamar yadda namu yake reshe.

Sai dai adanawa kaɗai ba ta isa ta sa abu ya zama naka ba, don mai ajiya ba mai kaya ba ne. Tambayar ita ce me hannun gida ya ƙara. Ɗauki shafi ɗaya na hannun wani gwani ka ajiye kusa da shafin Alƙur'anin Maroko. Na Maroko siriri ne, wutsiyoyin haruffansa suna lilo ƙarƙashin layi kamar igiyar guga. Na Borno yana zaune daram a kan layi, gajere, mai faɗin kafaɗa, kowane baƙi an danna masa alƙalami har ya ƙoshi. A fahimtata tsangaya ce ta haifi wannan kauri. Hannun da ya koyi rubutu a kan allo da alƙalamin kara, idon da zai yi karatu da asuba ko da dare a gefen wutar ƙirare, dole su nemi baƙin da ake hangowa daga nesa. Rashin ɗinkin ma ba talauci ba ne, domin Alƙur'ani ɗaya mai warwara yana iya raba kansa ga almajirai da yawa a lokaci guda, kowa ya ɗauki takardar da zai kwafa a allonsa, kalmar da aka rubuta a gindin shafi kuma ta nuna wadda ke biye idan an zo haɗawa. Tawadar takarda daga 'ya'yan gabaruwa ake dafa ta, ta allo daga gawayi da ƙaro. Daga nan aka yi masa tadarishi da gafaka na fatar da dukawanmu suka jeme suka rina.

Duba kuma gefen shafi. Alamar aya ɗigo uku ne a dunƙule, ga kumsa a kan aya ta biyar, ga kuri a kan ta goma, ga da'irorin izu da nusufi da rubu'i da sumuni, kowane marubuci da yadda yake juya su har ba ka cika samun biyu iri ɗaya ba. A farkon littafi da wajen surorin A'arafi da Maryam da Sad ana yin zayyana mai cin rabin shafi ko shafi guda. A nan ne za ka ga idon gida sosai. Alƙur'anan sarakunan Magariba zinare da shuɗi suke so, da rassan furanni masu nannaɗewa. Zayyanarmu ja ce da rawaya da ƙasa-ƙasa, murabba'i cikin murabba'i, saƙa a kan saƙa, irin wadda ke jikin tabarma da hula da jakar fata da bangon gidajen Birni a Damagaram. A tsofaffin Alƙur'anan Borno akwai fassara da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka, wanda masani Dmitry Bondarev ya daɗe yana nazari. A bakin yaranmu kuwa haruffan sun sami sunayen gida bisa siffarsu, alu da ambaki da mim-ara da ha-kuri, kuma kalmar da muke kiran harafi da ita, baƙi, launin tawadar ne. Wannan shi ne Amanohashidate ɗinmu. Har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi muhawara mai zafi da Shehu Laminu na Borno, ya yaba wa mutanen Borno a Infaƙul Maisuri kan kulawarsu da karatun Alƙur'ani da haddarsa da rubuta shi.

Kwatancen yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Sesshu yana da ikon matsar da tsauni daga dama zuwa hagu in ya ga zai fi kyau. Alaramma ba shi da ikon matsar da ɗigo ɗaya, kuma yakan rubuta ne da ka, yana neman lada kafin yabo. Filin da ya rage masa ƙunci ne: nauyin alƙalami, tazarar kalma da kalma, tsawon da zai ja kaf, adon gefe. Amma mu da muke aiki da murya mun san labari ɗaya mutum biyu za su karanta, ba a canza kalma ko ɗaya ba, mai sauraro ya gane wane ne tun daga jimlar farko. Haka masana ke gane hannun Borno da hannun Kano, wanda ya fi kauri da dunƙulewa, har su gane hannun wane da na wane. Wani bambancin shi ne Tohaku yana barin fili fari don ido ya huta, mai zayyanarmu kuwa ba ya son ganin fili a banza. Ba na ganin ɗayan ya fi ɗayan, kowa da abin da idonsa ya saba.

Inda nake da suka shi ne halin da ake ciki yanzu, kuma sukar ta gida ce. Ba na zargin bugun Madina. Cibiyar Sarki Fahad da aka buɗe a 1984 ta sa Alƙur'ani ingantacce ya shiga hannun wanda a da sai ya yi shekaru bai mallaki nasa ba, kuma wannan alheri ne. Amma akwai bambanci tsakanin aron da kakanninmu suka yi da wanda muke yi. Su sun ari sana'a, suka zauna suka koya, hannunsu ya lanƙwasa ta. Mu muna karɓar kaya gamamme a cikin kwali, wanda babu abin da hannu zai ƙara masa. Irin wannan aron ne karin maganar take nufi.

Buga rubutun hannu da inji, kamar yadda aka yi da Alƙur'anan marigayi Sharif Bala na Kano, ya ceci salon daga ɓacewa a kasuwa, ya kai shi garuruwan da marubucin bai taɓa takawa ba. Amma yana da kuɗin da aka biya. Idan kowane gardi yana kwaikwayon shafi ɗaya da aka buga sau dubbai, hannaye da yawa za su narke su koma hannu ɗaya, kamar dai masu zanen Japan na farko da suke kwafar tsaunin da ba su gani ba. Allon zayyana na saukar karatu kuwa, wanda a da ake zaman makonni a kansa, yanzu da yawa da alƙalamin roba mai launi ake yi, ko fentin mai, a watsa masa ƙyalli. Layukan ba su miƙe ba, launuka bakwai suna faɗa da juna, an cika fili don a cika kawai. Na ga masu kyau, amma na ga da yawa da aka yi don baƙo mai neman tsaraba wanda ba zai iya bambance kumsa da kuri ba. Mai zayyana da ya san mai sayensa ba ya gani, hannunsa zai yi sanyi. Ga kuma rikicin da ya addabi yankin tafki tun 2009, wanda ya tarwatsa tsangayu da dama ya raba malamai da littattafansu.

Japan ma ta taɓa shiga irin wannan rana. Bayan sauyin mulki na 1868 ido ya koma kan zanen Turai, masu zanen gidan Kano suka rasa iyayen gida, aka riƙa sayar da tsofaffin ayyuka da arha. Abin da ya juya lamarin aiki ne na zahiri: aka bi wuraren ibada ana rubuta abin da ke cikinsu, aka buɗe makarantar zane a Tokyo a 1889 ana koyar da salon gida, a 1950 aka yi dokar kare kayan tarihi, daga baya aka fara ware ƙwararrun masu sana'a da suke raye ana tallafa musu don su koyar. Ayyukan Sesshu shida ne yanzu suke cikin jerin taskar ƙasa, kuma babu wanda ya rage musu daraja don tushensu na Sin ne.

Namu bai kai ga doka ba tukuna, amma akwai abin da ke hannunmu. Gidan da ke da Alƙur'anin kaka a gafaka, a nan N'Djamena ko Mao ko Abeche ko Kusiri, yana iya ɗaukar hotonsa shafi bayan shafi da wayar hannu kafin gara da damina su yi nasu aikin, a rubuta sunan wanda ya rubuta shi da garinsa da malaminsa tun ana tunawa. Masu shirya musabaƙa suna iya buɗe rukuni na rubutu kusa da na hadda da tajwidi, alƙalai su zama gwanayen da suka san hannu. Jami'ar Sarki Faisal da makarantun Islamiyya suna iya koya wa yaro karanta shafin Warshu na hannun Borno tare da na Hafsu, don kada ya tashi yana ganin Alƙur'anin kakansa kamar baƙon rubutu. Mai hali kuma da zai yi wa ɗansa walimar sauka, ya nemi alaramma ya ba shi aikin allo da tawadar gargajiya, ya ba shi lokaci, ya biya shi kuɗin da ya dace da makonnin da zai yi a sunkuye.